Shinkafa da kaza irin ta mutanen Luwiziyana: dafa-duka ce ko wani girki daban?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina neman taimakon waɗanda suka san girkin Amurka. An ba ni aikin abincin rana na wani taron bita, mutum 50. Mai aikin ta ce a rana ta biyu tana son shinkafa da kaza irin ta Kejan, wata al'umma ta jihar Luwiziyana a Amurka, mai yaji, wadda ake zubawa a manyan tire mutane su biyo layi da farantansu a zuba musu, yadda ta riƙa ci a ɗakin cin abinci na jami'a lokacin da take karatu a Luwiziyana. Na duba hotuna, ni dai dafa-duka nake gani wadda ba a sa wa tumatir ba. Ba na son in kai wa baiwar Allah abin da za ta ɗanɗana ta ce ba shi ba ne. Me ake zubawa, kuma yaya ake yi wa mutum da yawa ba ta caɓe ba?

Abba na Hiyustan: Wa alaikumussalam Hajiya. Kada ki wahalar da kanki, dafa-duka ce. Ki sayi garin yajin Kejan na gwangwani, Tony Chachere's ko Zatarain's, ana samu a manyan kantunan Kano da Abuja wani lokacin. Ki barbaɗe kazar da shi, ki soya, ki dafa shinkafarki yadda kika saba, ki ƙara barkono sosai. Shi ke nan. Mu nan Hiyustan maƙwabtan Luwiziyana ne, muna ci kullum.

Anti Rabi: Wa alaikumussalam. Abba ƙanina, ci daban ne, girkawa daban. In Maman Ilham ta bi shawararka, shinkafa mai gishiri da yaji za ta samu, kuma mai aikin za ta gane tun daga launi. Ni a Batan Ruj, babban birnin Luwiziyana, nake zaune, kuma a kicin ɗin ciyar da ɗalibai nake aiki, wannan abinci yana cikin waɗanda muke fitarwa kusan kowane mako.

Maman Ilham, abin da take nufi jambalaya ce, kuma iri biyu ce. Akwai ja, ta mutanen birnin Niyu Olins, ita ake sa wa tumatir, kuma ita ce ta fi kusa da dafa-dukarmu. Akwai ruwan ƙasa, ta ƙauyukan Kejan da ke wajen Lafayet da bakin kogin Misisifi, wadda ba a sa mata tumatir ko ɗaya. Tunda ta ce Kejan, ta biyun take so.

Launin nan na ruwan ƙasa daga gindin tukunya yake fitowa. Za ki soya kazar a tukunyar ƙarfe mai kauri, kaɗan-kaɗan, ba tare da kin cika tukunyar ba, ki bar kowane yanka ya zauna har sai ya yi ja sosai kafin ki juya. Kina yi, wani abu mai danƙo yana mannewa a gindin tukunya, yana ƙara duhu. Mu a gida in mun ga haka sai mu ce tukunya ta kama, mu sauya wata ko mu kankare mu zubar. Su kuwa shi suke nema. Bayan kin kwashe kazar, sai ki zuba albasa mai yawa a kai, ruwan albasar ya narkar da shi, ki yi ta juyawa kina kankarowa da muciya. In ya soma kamawa kuma, ki tsiyaya ɗan romo ki sake kankarowa. Haka za ki yi ta maimaitawa har albasar ta narke ta koma launin ƙuli-ƙuli. Wannan aikin kaɗai yana cin minti 25 zuwa 30, kuma ba a barin wurin, domin tsakanin ja da ƙonewa tazarar kaɗan ce. In ya yi baƙi ya ƙone, ɗaci zai bi dukan shinkafar, babu gyara sai sabon lale.

Duk ɗanɗanon yana nan. Garin gwangwani ƙari ne kawai.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri Anti. To don Allah awo fa? Ni da mudu da gwangwanin madara nake aiki, amma ina da sikeli.

Anti Rabi: Zan ba ki na mutum 25 bisa yadda muke zuba wa ɗalibai, sai ki ninka. Ki kuma ƙara a kai, don hannun zubin Kano ya fi namu nauyi.

Shinkafa doguwa ta gumi kilo 2. Cinyar kaza da aka zare wa ƙashi kilo 3, a yanka gutsi-gutsi daidai loma. Albasa kilo 1, koren tattasai rabin kilo, seleri rabin kilo, tafarnuwa dunƙule 2. Romo kuwa da awon kofi ake yi: duk kofi 4 na shinkafa, kofi 7 na romo. A ƙaramar tukunya mutane suna ninka ruwan shinkafa biyu, amma a babban girki kayan lambun da kazar suna sakin nasu ruwan, don haka ake ragewa. Romon ki haɗa shi da ƙasusuwan da kika zare da fukafukai da wuya, kada ki zubar.

Yajin ki haɗa da kanki, ya fi na gwangwani, saboda na gwangwani gishiri ne ya fi yawa a ciki, in kika zuba har yajin ya ji sai gishiri ya zarce. Cokalin cin abinci 4 na garin busasshen jan tattasai marar yaji, 2 na garin tafarnuwa, 2 na garin albasa, 1 na garin barkono ja, 1 na baƙin masoro, 1 na farin masoro, 1 na tayim, 1 na origano. Gishiri ki ajiye shi daban. Ki murza rabin haɗin a jikin kazar tun dare, ta kwana a firij. Sauran rabin yana shiga bayan albasar ta yi ja, tare da tattasai da seleri da tafarnuwa, ki soya minti kamar 8.

Daga nan ki mayar da kazar, ki zuba romo, ya tafasa, ki ɗanɗana. Dole ruwan ya fi yadda kike so gishiri da yaji kaɗan, don shinkafa za ta shanye.

Yanzu ga inda girkin ɗakin cin abinci ya bambanta da na gida. Mu ba ma ƙarasa dahuwar a tukunya. Muna da tiren ƙarfe masu zurfi, tsawonsu inci 20, faɗinsu inci 12. Kowane tire muna shimfiɗa kilo 1 na ɗanyar shinkafa, mu kwarara tafasasshen romon da naman a kai, mu juya sau ɗaya, mu rufe ruf da takardar alminiyam, mu sa a obin mai zafin digiri 175 a ma'aunin Salsiyas na minti 40 zuwa 45. Ba a buɗewa a leƙa. In an fito da shi, a bar shi a rufe minti 15, sannan a wargaza da babban cokali mai yatsu, a watsa lawashi da fasli. A obin zafi yana zuwa ta ko'ina, don haka ba sama ɗanye ƙasa ƙonanne, kuma tiren da aka dafa a ciki shi ake kai wa layin zubi, ba a juye ta balle ta farfashe. Sharaɗi ɗaya: romon ya shiga tire yana tafasa. In ya huce, lissafin lokacin ya lalace.

Hajiya Ummi Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Rabi ɗiyata, ina da tambaya biyu. Mu nan seleri ganye ne siriri da muke saye ɗauri-ɗauri tare da fasli, ba mai kaurin kara irin naku ba. Rabin kilo na irin namu ai zai rufe komai da ƙamshinsa. Na biyu, ni dai raina bai kwanta da shinkafa ba jan miya ba. Baƙonmu in ya ga shinkafa ba ta yi ja ba, cewa zai yi an yi masa rowar tumatir. Cokali biyu na tumatirin gwangwani me zai ɓata?

Anti Rabi: Ina wuni Mama. Gaskiyarku kan selerin, na ganye ya fi ƙarfi nesa. In shi aka samu, ɗauri ɗaya madaidaici ya isa kilo 2 na shinkafa, a yanka har da karansa ƙanana. Amma kada a cire shi gaba ɗaya. Albasa da koren tattasai da seleri su ne tushen kusan duk tukunyar Luwiziyana, miya ce ko shinkafa. Kuma tattasan ya zama kore, ja yana kawo zaƙi da launin da ba nata ba.

Tumatir kuwa Mama, ba zai ɓata daɗi ba, amma ya mayar da ita ta Niyu Olins. A cikin abokan aikina akwai dattijuwa 'yar ƙauyen Kejan, in ta ga ja a tukunya ba ta ma yarda a kira shi da sunan abincinsu. Da Maman Ilham don gidanta za ta yi, sai in ce ta zuba abin da ranta yake so. Tunda wadda ta ba da aikin ta san ainihin abin, a yi mata shi yadda yake. Ganyen loriye (bay leaf) dai ku sa, uku ko huɗu a cikin romo, yana shiga.

Hajiya Ummi Maraɗi: To na ji. Amma ni a tawa tukunyar sai na ɗiga.

Baba Ɗanjuma mai abinci: Salamu alaikum. Na karanta duka. 'Yata Rabi, bayaninki ya yi, amma kin yi wa mai obin ɗin masana'anta magana. Maman Ilham, obin nawa gare ki da zai ɗauki tire huɗu manya lokaci guda? In na gida ne, tire ɗaya zai shiga, kafin na huɗu ya nuna na farko ya sandare. Ga tsadar gas.

Ni da itace nake ciyar da taron biki, kuma abin da aka kwatanta ana yinsa a babbar tukunya ba tare da ya kama ba. In romo ya tafasa kika zuba shinkafa, ki bar wuta da ƙarfinta kina juyawa daga ƙasa zuwa sama har shinkafar ta soma kumbura, ruwan ya janye ya dawo daidai da samanta. A lokacin sai ki zare itacen gaba ɗaya, ki bar garwashi, shi ma ki baza shi gefe-gefe kada ya taru a tsakiya. Ki rufe da murfi mai nauyi, ki ɗebi garwashi kaɗan ki ɗora a kan murfin. Minti 25 kada hannu ya taɓa. Sannan ki buɗe, ki juya sau ɗaya tak, na ƙasa ya dawo sama, ki sake rufewa minti 15.

Sai maganar kaza. Wannan lokacin da Rabi ta bayar na kazar gidan gona ne. In kazar Hausa za ki yi da ita, ta fi daɗi, romonta ma ya fi, amma ba za ta nuna a minti 40 ba. Ki soya ta yi ja yadda aka ce, sannan ki dafa ta a romon har ta kusa laushi kafin shinkafa ta shiga, ki auna ruwan da ya rage ki cike. Kuma ki guji tsokar ƙirjin kazar gidan gona a irin wannan girki, bushewa take yi ta zama kamar zare.

Anti Rabi: Baba, Allah Ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa shi ne asalin yadda Kejan suke yi, obin namu ne na ma'aikata. Akwai wani gari kusa da mu, Gonzalis, tun 1968 suke bikin jambalaya duk shekara, kuma gasar da ake yi a kan wutar itace ce, cikin manyan tukwanen baƙin ƙarfe, da doguwar muciya mai faɗin baki. Yadda kuka ce a juya sau ɗaya daga ƙasa, haka suke yi. Maman Ilham, ki bi hanyar Baba, in ta nuna ki juye a tire a hankali.

Ummu Khalil: Afuwan in katse ku. Ni na ji an ce ba a yin abincin nan sai da sosej ɗin alade. In haka ne, ya kamata a faɗa a fili, don akwai 'yan uwa da ke zuwa can karatu suna karanta mu, kada su ga an rubuta kaza da shinkafa su ɗauka kaza ce kaɗai.

Abba na Hiyustan: Wannan gaskiya ne Yaya, kuma magana ce babba. Sunan sosej ɗin anduwi, kyafaffen naman alade ne. A gidajen abincinsu, in an ce jambalayar kaza, yawanci akwai shi a ciki, ko kuma an soya kazar da kitsensa. Haka ma jan waken da suke ci da shinkafa ranar Litinin, da ƙashin alade ake dafa shi. Ko shinkafar nan da suke haɗawa da hanta da ƙundu, sau da yawa akwai niƙaƙƙen naman alade a ciki. Duk wanda ya je ya tambaya da bakinsa, kada ya dogara da ido. Ni ko an ce babu, sai na tambayi man da aka yi suya da shi da kuma romon.

Anti Rabi: Haka ne. A wurinmu ana fitar da tire na kaza zalla daban da cokalinsa, amma ba ko'ina ake haka ba, kuma yankan kazar ma wata tambayar ce da kowa zai yi wa kansa.

Abin da sosej ɗin yake kawowa a tukunya ƙamshin hayaƙi ne da maiƙo, kuma in an cire shi ba a maye gurbinsa ba, ana jin giɓin. A gidana da kyafaffen sosej na naman shanu na halal nake yi. Ku a gida kun ma fi mu sauƙi. Maman Ilham, ki ware kilo 1 daga cikin kazar, ki murza mata yajin, ki kyafe ta a kan waya bisa garwashi har hayaƙi ya shige ta, ki yayyanka ki zuba a romo. Ko ki samu bandar naman shanu mai kyau, ki jiƙa, ki yanka ƙanana. Kuma fatar kazar kada ta tafi shara: ki soya ta da farko a hankali har ta saki kitsenta, a wannan kitsen da ɗan man gyaɗa za ki soya naman.

Abba na Hiyustan: Kilishi fa Anti? Ni na taɓa ganin an sa.

Anti Rabi: A'a. Kilishi yana ɗauke da labu, ga ƙuli ga citta ga kanumfari, zai ja tukunyar zuwa wani wuri dabam, ya kuma kaurara ruwan. Citta da kori ma ba sa shiga wannan girki sam. Na san hannunmu ya saba, amma a daure.

Malam Sanusi Zariya: Ina biye da ku tun safe, bari in sa baki ta fannin da na sani. Su waɗannan Kejan asalinsu Faransawa ne manoma da masunta da suka zauna a Akadiya, gabashin Kanada ta yau, wajen Noba Skoshiya. A 1755 Turawan Ingila suka fara korarsu da ƙarfin soja saboda sun ƙi yi wa sarkin Ingila mubaya'a marar sharaɗi. An ƙona gidaje, an loda mutane a jiragen ruwa, an raba iyalai, da yawa sun mutu a hanya. Wasu suka ƙare a Luwiziyana, wadda a lokacin take hannun Sifen. Ayarin wani jagoransu, Joseph Broussard, ya iso a 1765, sannan a 1785 jirage bakwai suka kawo kusan mutum 1,600 daga Faransa. Suka bazu a fadamu da filayen kudu maso yamma, talakawa ne, abin da suka kama ko suka kiwata shi suke jefawa a tukunya ɗaya.

Amma shinkafar ta riga su zuwa. Tun 1719 jiragen bayi na farko suka iso Luwiziyana daga Afirka ta Yamma, kuma kamfanin Faransa da ya aiko su ya ba da umarnin a zo da irin shinkafa da mutanen da suka iya nomanta. Mafi yawan bayin da Faransawa suka kai can a shekarun da suka biyo baya daga yankin kogin Senegal da Gambiya aka kwaso su, ƙasar da ake dafa shinkafa da nama ko kifi a tukunya ɗaya tun da daɗewa. Su ne suka noma ta, matansu ne suka tsaya a madafan gidajen Niyu Olins da gandayen rake. Don haka in Maman Ilham ta kalli hoto ta ga dafa-duka, idonta bai yi ƙarya ba. Ina faɗar wannan ne saboda in ana tallar abincin nan a duniya, Faransawan ake ambata, baƙaƙen da aka kai cikin sarƙa ba kasafai ake tuna su ba, kuma hakan yana damuna.

Abba na Hiyustan: To Malam kun ga kun dawo kan maganata. Jalof ce ta haye teku.

Malam Sanusi Zariya: Ban ce haka ba Abba. Masana ba su haɗu a kan tushe ɗaya ba. Akwai masu danganta ta da shinkafar Sifaniyawa ta fa'ela, tunda Sifen ta mulki wurin kusan shekara 40, akwai masu kai ta kudancin Faransa, akwai masu kawo ta Senegal. Abin da ya tabbata shi ne duk waɗannan mutane sun zauna a ƙasa ɗaya, sun ci daga tukwanen juna. Kuma noman shinkafa na kasuwa a filayen Kejan sai a shekarun 1880 ya bunƙasa, bayan zuwan jirgin ƙasa da manoma daga arewa da injinansu. Garin Kurawli ya zama cibiyarsa, suna bikin shinkafa tun 1937. Hannun Afirka yana ciki, amma abin da Rabi ta koya mana na soya albasa a kan abin da ya kama tukunya har ta yi duhu ba tare da tumatir ba, nasu ne, a bar musu.

Maman Ilham: Malam mun ƙaru wallahi. Anti Rabi, saura yaji. Ta jaddada mini mai yaji take so. Cokali ɗaya na barkono a kilo 2 na shinkafa ai yaranmu ma ba za su ji ba. In jajjaga attarugu?

Baba Ɗanjuma mai abinci: Ki jajjaga mana. Wa zai ci shinkafar taro ba attarugu?

Anti Rabi: Baba a nan kam zan saɓa muku, ku yi haƙuri. Attarugu yana da ƙamshinsa mai ƙarfi, da ya shiga za a ji girkin gida. Ga zafi: a Skobil, ma'aunin zafin barkono, barkonon kayen da suke amfani da shi yana tsakanin 30,000 da 50,000, dangin attarugu kuwa daga 100,000 har 350,000. Yajinsu hawa-hawa ne, shi ya sa ake haɗa uku. Jan barkono yana kama harshe, baƙin masoro yana ba da ƙamshi, farin masoro yana tsayawa a maƙogwaro bayan an haɗiye. Maman Ilham, ki ninka jan barkonon zuwa cokali 2, busasshen barkononmu ƙanana da aka daka ya wadatar, har ya fi nasu zafi.

Kuma wannan suna da abincin Kejan ya yi na ƙona baki, yawancinsa daga shekarun 1980 ne. Wani mai girki ɗan wajen Ofelusas, Paul Prudhomme, ya buɗe gidan abinci a Niyu Olins a 1979, ya shahara da kifin da yake tsomawa a man shanu, ya shafe da yaji, ya jefa a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi har ya yi baƙi. Abin ya karɓu a duk Amurka har sai da hukuma ta taƙaita kamun wannan kifi. Daga nan kowane kanti ya riƙa barbaɗa barkono a kan komai yana kiransa Kejan. A gidajensu abincin yana da yaji, amma ba ya hana ka jin naman.

A layin zubi, abin da muke yi shi ne mu dafa da matsakaicin yaji, mu ajiye kwalaben ruwan barkono a kan tebur, irin su Tabasco da ake yi a tsibirin Eberi tun 1868. Cikin mutum 50 akwai mai gyambon ciki, akwai mai juna biyu. Ki soya attarugu da albasa a kwano daban, mai so ya ɗiba. Kin ga Baba ma ya samu nasa.

Baba Ɗanjuma mai abinci: In dai yana kan tebur, na yarda.

Sista Hadiza: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai abin da ba a taɓo ba wanda ya fi tumatir da attarugu muhimmanci. Shinkafa da kaza na mutum 50 da za a dafa da safe a ci da azahar, nan ne ake samun matsala. Ɗanyar shinkafa tana ɗauke da ƙwayoyin wata cuta da ake kira Basilus siriyus, waɗanda tafasa ba ta kashe su duka. In dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi na awoyi, sai su farfaɗo su saki guba, kuma ɗumame ba ya lalata gubar. Mutum ya ci, cikin awa 1 zuwa 5 amai ya kama shi. Mun sha karɓar mutane rututu daga walima ɗaya, kowa yana zargin nama ko ruwa, alhali shinkafar ce da aka dafa tun asuba aka bari a roba.

Anti Rabi za ta gaya muku, a irin wurin aikinsu doka ce: kaza ta kai digiri 74 a tsakiyarta, abincin da ke kan layi kada ya sauka ƙasa da digiri 57. Maman Ilham, ki nemi ma'aunin zafin abinci, ba shi da tsada. Ki tsara girkin ya sauka kusa da lokacin ci. In tire za ki jera, ki sa irin mai ruwan zafi a ƙasa da 'yar wuta. Abin da ya rage kuma a baza shi a faffaɗan tire ya huce da wuri a sa a firij, kada a tura babbar tukunya da zafinta, tsakiyarta ba za ta yi sanyi ba har gari ya waye.

Baba Ɗanjuma mai abinci: 'Yata, mu da kula muke kai abinci tun kafin a san wannan ma'auni.

Sista Hadiza: Kula mai kyau tana aiki Baba, in an cika ta da abinci mai tururi an rufe, ba a yi ta buɗewa ba. Matsalar tana zuwa ne in ta koma rabi, an buɗe sau goma, taro ya ja har la'asar, sannan a ƙulla ragowar a leda a ba mutane su kai gida su ci da dare. Ku da kuka daɗe a sana'ar kun san lokacin saukewa, sabbin shiga ne nake ji wa.

Anti Rabi: Duk abin da Sista ta faɗa haka yake, mu har rubuta zafin kowane tire muke yi a takarda da lokacinsa. Wannan zaman a kan ruwan zafi shi ne ma dalilin da ya sa ɗakunan cin abinci suke zaɓar shinkafar gumi, tana awa biyu tana wara-wara. 'Yan Gonzalis da yawa farar doguwa suke so, sun ce ta fi shan romo, kuma gaskiya ne, amma ita a sauke a ci ne.

Maman Ilham: To 'yar Hausa nake da buhunta, mai kyau, ta gumi ce, an tsince. Za ta yi, ko sai na sayi ta kamfani? Kuma in wanke ta? Don na ji kin ce ɗanya kuke shimfiɗawa.

Anti Rabi: Za ta yi in doguwa ce kuma ba ta da karyayyu da yawa, ki tankaɗe su ki fitar don su ne ke fara caɓewa. Tamu a wanke take zuwa, ke kuwa ki wanke taki har ruwan ya yi haske, ki tsane ta a kwando ta sha iska sosai, amma kada ki yi mata tafasar farko, a romon za ta nuna daga fari har ƙarshe. Shan ruwan 'yar Hausa ya danganta da buhu, sabuwa ba ta sha kamar tsohuwa. Kafin ranar ki gwada da kofi 4 na wannan buhun da kofi 7 na romo da kaza ɗaya. In ta fito da tauri ki ƙara rabin kofi a lissafin, in ta yi laushi da yawa ki rage. Ki aika wa mai aikin kwano ɗaya ta ɗanɗana, ita za ta gaya miki ko yajin ya kai inda take so.

Hajiya Ummi Maraɗi: Ki turo mana hoton albasar ma in ta yi ja, in ga launin da ake magana, don ni ma ranar Juma'a zan ɗora.